Kwanon da ba ka kai ciyayya ba

Zuwa ga Baba, gaisuwa mai yawa. Na san takarda ba ta shiga kushewa, ajamin nawa ma mai rai da ƙyar yake karanta shi, amma bari in rubuta.

Hatsi ya yi kyau a gonarmu ta Dogo bana. Nasara sun kwashi samarin unguwa aikin hanya, har da abokina Grema. Ni gurguwar ƙafar nan ta sa suka bar ni. Gida ya rage daga ni sai akuyarka.

Baba, akwai abin da nake ta juyawa. Da Inna ta rasu, ka daina fita ciyayya a zauren Malam Ari, inda kowane magidanci ke kawo kwanon gidansa a ci tare. Ka ce cikinka ne ba ya son tuwo. Alhali ina jin ka a ɗaki kana tauna ƙuli-ƙuli. Na gane mai tuƙa maka ce babu, kuma ba ka son a gan ka hannu wofi. Ban nuna maka na gane ba, don kada ka ji nauyina.

Ga abin da ke ba ni mamaki. Gwaggo Falmata, da mijinta ya rasu, a bakin rijiya take faɗin kaɗaici zai kashe ta. Mata suka yi ta zuwa, wannan da audugar kaɗi, waccan ta tsefe mata kai. Ba wanda ya ce ta yi abin kunya. Kai da ka faɗi haka, me za a ce? Gwauro ya fara sambatu? Wa ya raba abin haka? Ko su Malam Ari ma sun gane, suka yi shiru irin nawa, kowa na tsaron mutuncinka kana ta ramewa?

Jiya su Malam Ari suka tambaye ni me ya hana ni fitowa ciyayya. Sai na ji bakina na shirin cewa cikina ne, kamar yadda kake cewa.

Shi ya sa yau na tuƙa tuwo da kaina. Ya yi gudaji, miyar kukar ma gishiri ya yi mata yawa. Yara za su yi mini waƙar gwauro, na sani. In dattawan sun tambayi wa ya tuƙa, zan ce ni ne, gida ya yi mini faɗi, na zo cikin mutane. So nake in ga yadda fuskokinsu za su yi.

An kira magariba, tuwon na hucewa. Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka Mamman, daga Zango.