Ka Sauka Daga Kujerar Nan, Yaya

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fatan ƙasar Masar da ta karɓe ka ba ta yi maka nauyi ba. Ni ce Rakiya, daga gidanmu na unguwar Faisal a Alƙahira, inda har yau ruwan famfo ba ya hawowa sama sai ya ga dama. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. A fili nake rubuta ta, mai son karantawa ya karanta, amma da kai nake.

Abokinka zai koma tsere. Baban Nana nake nufi, mijina, wanda jaridu suka sani da Mamman. Wasu masu motocin tsere sun zo har gida suna son ya sake shiga babbar gasar hamada, irin wadda kuka ɗauko kofinta ku biyu, wadda kuma ka tafi ba ka dawo ba. Ya ce musu ba shi da amsa sai ya ji ta bakina. Wai rairayin nan ya riga ya ci mini mutum ɗaya, ba shi da ikon kai masa na biyu sai da yardata. Ka ji fa! Ya ɗora mini wannan kaya a ka, ya koma baranda yana shan shayinsa.

Ka tuna yadda kuke aikin? Shi a sitiyari, kai a kujerar damarsa da littafin hanya a cinya, kana faɗa masa abin da ke bayan kowane tudun rairayi ta wayar da ke cikin hular kwano. Direba a hamada ba ya ganin bayan tudu, sai dai ya yarda da muryar da ke kunnensa. Kullum kafin a sake ku, magana ɗaya kake yi masa: "Kai hannu ne, ni ido. Taka, ina gani maka." Har a gida kun mayar da ita wasa. In za a ɗauki loma sai in ji ka ce masa taka.

Ka kuma tuna yadda kake tsokanata da muryata? Rakiya mai muryar gardi. Tun muna Damagaram, in ɗayanmu ya yi sallama daga zaure Inna ba ta sanin wa ya shigo sai ta ɗago kai. Da aka fara waya kuwa, sau nawa ta zayyane mini faɗan da kai ta tanadar wa? Na sha kuka a kan muryar nan ina budurwa. Kai ne ka ce in bar kuka, ai gado ne, mu biyu Baba ya raba wa.

Ba zan daɗe a kan ranar ba. Kun hau tudu a hamadar yamma, iska ta riga ta yanke bayansa, ba littafin da ya san da haka. An fito da Baban Nana da karyayyar ƙafa, aka sa masa ƙarfe a ciki. Kai kuma a nan Alƙahira aka yi maka sutura. Da ya fito daga asibiti na ce mu tattara mu koma gida. Ya ce ba zai bar ka kai kaɗai a garin mutane ba. Shi ke nan, ga mu har yau, 'yarmu Nana da ka bari tana rarrafe yanzu ta fi ni Larabci, har gyara mini take yi a kasuwa.

Ka san aikin da zakaran naka yake yi? Kai yara makaranta a unguwar Ma'adi. Iyaye har rububinsa suke, don duk Alƙahira babu mai tafiyar hawainiya kamarsa. Wallahi Yaya, da ka ga yadda direbobin mikrobas, ƙananan bas ɗin haya na titin Faisal, suke danna masa oda, suna leƙo kai suna yalla ya usta, yalla, wato maza direba, maza, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Yaran da ba su kai shekarun lasisinsa ba suna koya masa tuƙi da baki. Shi ko sai dai ya ɗaga musu hannu ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne kujerar gaba.

Kowace safiya, in ya shiga mota, kafin ya tayar da ita sai ya miƙa hannu ya jawo bel ɗin kujerar dama, ya ɗaure shi a kan kujerar da ba kowa. Ina jin ƙarar nan, ƙas, daga tagar ɗakin girki. Sannan ya ɗan dakata kamar mai jiran a ce masa wani abu. Sannan ya ja.

A iya tunawata a lokacin, ba wanda ya zauna a kujerar nan tun bayanka. Ni kaina a baya nake zama. Matan unguwa sun daɗe suna zaton direba na ɗauka, har wata ta tambaye ni ko zan ara mata shi ranar bikin 'yarta. Na yi dariya a gabanta, na shiga gida na yi ta wanke kwanonin da ba su da datti. Na yi faɗa, na yi gaba, na yi kwana da kwanaki ina hawa mikrobas don haushi. Duk bai sa ya canza ba. Sai dai ya buɗe mini ƙofar baya ya tsaya.

Shekarar da Inna ta zo ganin likitan gwiwa, ita ma baya ya sa ta, ga ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Ta ga ya ɗaure bel ɗin. Da muka fito ta riƙe hannuna ta ce gobe a nemo mata tasi.

Ɗaliban ilmi da ke hawan ƙasa da mu, yaran kirki 'yan Kano da Maraɗi, sun sha faɗa a karatun da suke yi mana cewa mamaci ba ya dawowa, yana can inda Allah Ya ajiye shi. Na sani, na kuma yi imani. Amma in kana zaune a bayan mota shekara da shekaru kana kallon bel a ɗaure a kan iska, wata rana sai ka tsinci kanka kana janye ƙafa don kada ka tokari bayan kujerar. Na sha yin haka, in yi ta a'uziyya a zuciyata.

To me ya hana ni cewa a'a tun ranar da mutanen nan suka zo? Ai kalma ɗaya ce, kuma na san zai bi. Abin da ya hana ni, na ga fuskarsa. Mutumin da na aura, mai surutun nan da ke cika gida da dariya, shi na ga ya leƙo ta idon wannan mai shirun da nake zaune da shi. Ya cinye tuwonsa ranar har ya nemi ƙari. Muna cin abinci ina ganin ƙafarsa mai ƙarfen tana taka totur a ƙarƙashin tebur, shi bai ma sani ba. In na ce e, ina iya rasa shi a rana ɗaya. In na ce a'a, zan ci gaba da rasa shi kaɗan kaɗan kamar yadda na saba. Ka gaya mini wanne ne mai sauƙi a ciki.

Na ce ba zan yanke ba sai na gani da idona. Suka shirya gwaji a rairayin bayan garin Fayyum, na bi shi. Sun haɗa shi da wani Bamisire mai furfura, mai sanyin magana, wanda ya daɗe yana karanta wa direbobi hanya. Na ga lokacin da mutumin ya buɗe ƙofar dama ta motar tseren. Baban Nana ya juyar da kai gefe.

Abin bai yi kyau ba, Yaya. A shimfiɗaɗɗen fili yana nan yadda ka san shi, motar kamar za ta bar ƙasa. Amma da ya tunkari tudu sai ya taka burki. Kowane tudu. Da suka dawo Bamisiren ya cire hula, ya zo inda nake cikin ladabi. Ya ce mijina bai manta komai ba, hannunsa na nan. Matsalar ita ce in ya faɗa masa hanya, ba ya bi nan take, sai ya jira kamar akwai wani na uku a motar da zai tabbatar masa. Ya ce a gasa wannan jiran shi ke kashe mutane. Masu motar suka ce za su sake gwada shi sau ɗaya, in bai yiwu ba khalas, shi ke nan.

Da la'asar muka kamo hanyar gida a tamu motar. Ya buɗe mini ƙofar baya kamar kullum. Ban san abin da ya hau kaina ba. Rana ta dafa ni, ga tsoro, ga haushin shekaru. Na zagaya na buɗe ƙofar gaba, na kwance bel ɗin nan, na zauna, na ɗaura shi a jikina. Na ce in ya ga dama ya ja, in bai ga dama ba mu kwana a nan. Ya daɗe a tsaye a waje. Sannan ya shigo ya ja, bai dube ni ba.

Shiru muka yi har muka shigo cunkoson Giza. Hankalinsa ba ya jikinsa, na ga zai wuce mahaɗarmu. Sai na ce ya yi dama bayan gada, ya kula da babbar motar da ke gabansa. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Yaya, motar nan ta shige tsakanin mikrobas biyu kamar zare a allura, tun ban rufe baki ba. Ba jira, ba burki. Sai kuma ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kansa a sitiyari. Tun ranar jana'izarka ban ga hawayensa ba sai ranar.

A nan ya gaya mini. Ashe makon da ya fara tuƙi bayan asibiti na taɓa zama a gaba sau ɗaya, ni har na manta. Ya ce in ina baya, muryata tawa ce. Amma in ta shigo ta kunnensa na dama, idonsa na kan hanya ba ya ganin fuskata, to kai ne. Ya ce ranar saura kaɗan ya kashe mu, don ya juyo ya duba ka. Shi ya sa ya mayar da ni baya. Bai faɗa mini ba don kada in tsani muryata. Shekara da shekaru ina zaton ni ce ban isa in zauna a wurinka ba, ashe tsoron jin ka yake yi a bakina.

Gilasai a rufe suke. Na buɗe baki zan ce masa ya yi haƙuri, sai ni ma na ji. Wallahi na ji ka. Na kama bakina da hannu.

Abin da na yi bayan nan shi ya sa nake rubuto maka. Na ce ya ɗago ya kalli titi, kada ya kalle ni. Ya kalli titi. Na sassauta murya yadda kake yi in za ka yi magana mai nauyi. Na ce masa ya daina jirana, na sauka. Na ce wanda duk ya zauna a kujerar nan shi ne idonsa, shi zai bi. Sannan na ce masa taka.

Ban shirya ba, ban kuma nemi izininka ba. Na ari muryarka na faɗi abin da ban sani ba ko za ka faɗa. Ya san ni ce, ba yaro ba ne. Amma ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba sai kai.

Ya ci gwaji na biyu. Bamisiren ya bugo mini waya da kansa yana ta tamam, tamam, wato komai ya yi daidai. Washegari ina ɗakin girki na kasa kunne, ban ji ƙas ɗin nan ba. Na ji an tayar da mota an tafi. Na zaci daɗi zan ji. Sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ka, don sai ranar na ji ka bar unguwar.

Na ba shi izini, bayan sallar Juma'a za su tashi zuwa gasar. Na guge masa kaya, na sa masa kilishi da dabino kamar yadda nake sa muku. Yanzu a gaba nake zama, amma ba na magana in yana tuƙi. Nana ta ce na zama kurma a mota. Ba ta san ina tsoron wanda zai amsa ba ne in na buɗe baki.

Ni na ce masa taka, Yaya, kuma ni ba na ganin bayan tudu. Kai da kake da littafi a cinya ma ba ka gani ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ya yafe mini aron da na yi. Allah Ya buɗe idon bawan nan naSa da zai zauna a kujerarka, Ya sa abin da ke bayan kowane tudu ya zama ƙasa mai riƙe taya. Ya dawo mini da mijina da ƙafafunsa, ko da kofi ko babu. In kuwa da saura wani abu naka a kujerar nan, don Allah ka sauka, ka bar shi ya ji mai rai.

Taka har kullum,
ƙanwarka mai muryar gardi,
Rakiya
Faisal, Alƙahira