Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga jikata Hephzibah,

Amaryata, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya mamarki da mutanen Bomo? Gwaggonki Edith ce ke rubuta min, na kuwa hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Ni lafiya lau nake a Fatakwal. Idon ne ya ƙara dushewa, amma me zan gani a garin da ba wanda ke gaishe ni da Hausa?

Edith ta kunna min a waya taron marubutan da kuka yi a jami'a, can Samaru. Na ji kin karanta waƙar da kika rubuta wa marigayi babanki, tun ba ki gama ba ana ta tafa miki. Kika ce ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Haba, Hephzibah! Duk farfesoshin nan babu wanda ya tashi ya gaya miki ba a kiran sunan ɗan fari? Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ni na goya shi daga Bomo har Sabon Gari lokacin da ƙyanda ta kama shi. Wannan bai shiga waƙarki ba.

Ban huce ba, kada ki zata.

Sai dai wayar ta yanke kafin ƙarshe. Ranar Lahadi bayan sujada ki kira ni, ki karanta min duka. In kin zo kan sunan, kada ki yi sauri. Tun da aka binne shi ba wanda ya faɗe shi a gabana.

Allah ya yi miki albarka, mai taurin kai.

Kakanki,
Dogara