Ƙanena Ya Sa Tafintan da Ya Cece Mu a Wasan Gem, Aka Mai da Shi Munafuki

Gwaggo Noelene,

Don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Ni ba mai kai kuka jarida ba ce, shekara goma sha ɗaya na yi a soja, da igiyar saje na fita, amma abin da ƙanena ya yi mini ya tsaya mini a wuya ya ƙi wucewa. Sunayen da zan sa, na mutane da na garuruwa, duk na aro ne, za ki ga dalili.

Mu biyu iyayenmu suka haifa a nan Townsville, garin barikin soja, ni da Declan, na ba shi shekara shida. Kin san wasan nan na harbe-harben sojoji da kusan duk shekara ake fito da sabo. Ni na koya masa riƙe hannun gem tun yana firamare, kuma ko bayan na shiga soja, duk sabon da ya fito sai mun buga tare a ranar farko, ko ina gida ko ina bariki. Yana ce mini tsohuwa, ina ce masa makaho, don ba ya ganin abokin gaba sai an riga an harbe shi. Shekara huɗu da suka wuce ya samu aiki a Melbourne, a wani ƙaramin kamfani da ke taya manyan kamfanonin ƙasar waje rubuta labarin wasan. Ranar da ya faɗa mini sai da na kira duk wanda na sani, ina ta cika baki kamar ni na haife shi. An sa shi ya sa hannu a takardar rufe baki, ko sunan sabon wasan ba ya faɗa. In na matsa masa sai ya yi kamar ya ja zif a leɓensa. Abin har burge ni yake yi, ina cewa yaron nan ya san amana.

A soja aikina sadarwa ne, ni ke goye da rediyo in mun fita sintiri. Da aka tura mu Afganistan muna da tafinta, zan kira shi Nawroz. Siriri ne, ba shi da yawan magana, kuma babu yatsu biyu a hannunsa na hagu, injin niƙa ya cinye su tun yana ƙarami. Duk fita sai ya ɗaura wani koren ƙyalle a eriyar rediyona, yagin mayafin mahaifiyarsa ne, wai don mu dawo lafiya. Cikin aikinsa har da sauraron oba-obar mayaƙan da muke fafatawa da su. Wata rana ya ji suna shirya mana kwanton ɓauna a bakin wata gada, mu kuwa mun riga mun nutsa cikin kwari, ba halin juyawa. Bai tambayi kowa ba ya danna oba-obar, ya sauya murya, ya yi musu magana kamar ɗaya daga cikinsu, ya ce ai mun bi ta ɗaya hanyar. Suka kwasa suka nufi can. Mu goma sha huɗu muka tsallake gadar nan da ƙafafunmu. 'Ya'yana biyu yanzu, Gwaggo, kuma na san albarkacin wa suka zo duniya.

Nawroz yana Shepparton yanzu da matarsa da yara uku, yana aiki a rumbun tattara 'ya'yan itace. Duk shekara sai ya aiko mini da kwalin fiya. Amma mahaifiyarsa da yayyensa biyu suna can gida. Ko a cikin mutanensu na nan ƙalilan ne suka san ya yi mana aiki, labarin gadar kuwa roƙonmu ya yi kada ya fita, don waɗanda ya yaudara ranar suna nan da ransu.

To kin san yadda ake yi ranar Anzac, ranar tunawa da sojojin ƙasar nan. An gama taron asuba, an busa ƙaho, sai a wuce kulob ɗin tsoffin sojoji a karya da kofi mai ɗan giyar rake a ciki. Akwai teburin da mu 'yan rukuninmu muke zama a lungu, kuma abin da aka faɗa a teburin nan a nan yake mutuwa. Ba wanda ya taɓa rubuta dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Mijina Warrick, shekara tara muna tare, bai taɓa zama a wurin ba, gaishe mu yake ya wuce wajen masu cacar jefa kwabo. Shekara uku da suka wuce Declan ya zo hutu, ya fito taron da lambobin yabon soja na kakanmu a ƙirjin dama kamar yadda dangi ke sawa. Na hango shi tsaye shi kaɗai riƙe da kofi, tausayi ya kama ni, na jawo masa kujera. Wani a cikinmu ya ɗaga gira, na ce ƙanena ne, ni na tsaya masa. Kuma a ranar ce bakina ya buɗe na ba da labarin gadar, tun daga ƙyallen har yatsun.

Sati biyu da suka wuce aka saki bidiyon tallan sabon wasan. Wannan karon na leƙen asiri ne, wai akwai munafuki a cikin rundunar, aikinka ka gano shi. Ranar Asabar da rana na kunna a babbar talabijin ina cin abinci, ina murna zan ga aikin ƙanena. Can sai ga mace goye da rediyo. Sai ga hannu mai yatsu uku yana ɗaura koren ƙyalle a eriya. Sai ga gada. A ƙarshe ga mai yatsu ukun a bayan katanga yana raɗa a oba-oba, gada ta tashi da mutane a kanta. Wanda ya cece mu, Gwaggo, shi aka mai da wanda ya sayar da mu.

Nan take na kira Declan. Bai ma musa ba. Ya ce shi jarumi ya rubuta shi, don ya karrama mu ya yi, manyan na waje ne suka ga abin zai fi armashi in aka juya shi, kuma wa zai saurari ƙaramin ma'aikaci. Ya ce ƙasar cikin wasan ƙirƙirarriya ce, zamanin ma an mai da shi baya, ba wanda zai gane. Na tambaye shi tun yaushe ya san an juya. Ya ce shekara biyu. Shekara biyu! Sau biyu ya ci Kirsimeti a gidana, ya gasa nama a tsakar gidana, ya ci fiyar mutumin nan da bakinsa. Ya ce takardar da ya sa wa hannu ce ta hana shi faɗa mini. Sannan ya ƙara da maganar da har yanzu take yi mini amo a kunne: “Ai ba ki ce kada in faɗa ba.”

Wato sirrin kamfani ya riƙe shi gam shekara huɗu, ko sunan wasa bai suɓuce masa ba, nawa kuwa ya ɗauka ya kai ofis. Ashe ya iya riƙon amana, tawa ce dai bai ga darajarta ba. Wannan ne yake ƙona mini rai fiye da komai.

Mamanmu ta ce wasa ne kawai, kada in raba mata 'ya'ya a kan zanen kwamfuta. Autanta ne, dama ba ya laifi. Warrick ya ce in rubuta komai a intanet, in kira 'yan jarida, a kunyata kamfanin, in an kori Declan shi ya jawo. 'Yan teburinmu ban faɗa musu ba, da wane ido zan kalle su? Nawroz kuwa sau biyar ina buɗe lambarsa ina rufewa. Saura sati biyar wasan ya fito, kuma samarin mutanensu a Shepparton duk suna bugawa. Mutum ɗaya ya isa, ya ce wannan ai kamar kawu mai yatsu uku ne, magana ta bi waya ta isa gida.

In tona? In yi shiru in yi fatan ba wanda zai lura? Shi kuma Declan, wallahi a yadda nake ji yanzu ba na son in sake jin muryarsa har in mutu. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Tsohuwar Mai Rediyo, Townsville

AMSAR GWAGGO NOELENE

'Yata,

Fushinki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki wasa ne kawai. Yaron da ya tashi a garin soja, ya sa lambobin kakansa a ƙirji, ba ya bukatar a gaya masa mene ne teburin nan. Da bai san ya yi laifi ba, da tun farko ya kira ki ya nemi izini. Kuma ko da zai ari labarin, me ya hana shi sauya hannun, ya sauya ƙyallen? Ya bar su ne don ya san su ne suka fi taɓa zuciya.

Amma ki ba shi abin da yake nasa. Ban ga mugu a wasiƙarki ba. Na ga ƙane da ya girma yana kallon yayarsa ta tafi inda shi bai je ba, ya samu dama ya nuna wa duniya ita, abin ya kuɓuce masa, tsoro ya kama shi, ya ɓuya a bayan takarda shekara biyu. Ragwanci ne, kuma ragwanci ma yana yin ɓarna, sai dai maganinsa daban da na mugunta.

Yanzu ga wadda kika ce in faɗa ko ba daɗi. Kin rubuta cewa sirrinki ya kai ofis. Ba naki ba ne, na Nawroz ne. Shi ya roƙa kada ya fita, ke kika jawo kujera, ke kika ba da labari. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, na san kina ɗauke da isasshe. Na faɗa ne don ki gane wa ya kamata ki fara fuskanta, kuma ba Declan ba ne.

Shawarar Warrick ki ajiye ta. Na san ƙauna ce ta sa shi, amma fetur ce a kan wuta. A yau mutumin cikin wasan zane ne a ƙasar da babu ita. Ranar da kika rubuta a intanet, ke da kanki kin shaida cewa mutum ne mai rai, kin kuma nuna wa masu nemansa inda za su duba. Magana zarar bunu ce, kin riga kin ɗanɗana hakan sau ɗaya.

Shiru ma ba naki ba ne ki zaɓa. Ki hau jirgi zuwa Melbourne a satin nan, ki ɗauki mota zuwa Shepparton, ki zauna da Nawroz ido da ido. Ba ta waya ba. Ki nuna masa bidiyon, ki gaya masa komai, ki fara da naki laifin kafin na ƙanenki. Sannan ki yi shiru ki saurara. Shi ya san girman haɗarin, ya fi ni da ke sani. Wataƙila ya ce a bar shi, wataƙila ya so ya gargaɗi 'yan uwansa tun da wuri, wataƙila ya yi fushin da zai daɗe. Duk wanda ya zaɓa, haƙƙinsa ne.

In ya amince, sai ki ba Declan aiki. Ya rubuta wa shugabanninsa da lauyoyinsu cewa an gina mutumin nan a kan wani mai rai ba da izininsa ba, kuma akwai rayuka a ciki, ba tare da ya ambaci suna ko gari ba. Wannan bai karya takardarsa ba, don da kamfaninsa yake magana. Na tambayi wata da ta san sana'ar, ta ce labari ba zai sauyu a sati biyar ba, amma hannu da launin ƙyalle ana iya gyara su, a kuma janye tallan a sake yanka shi. Zai iya rasa aikinsa, kuma ya san haka. Abin da ya yi da wannan buƙatar shi zai nuna miki wane ne ƙanenki, ya fi duk wani ban haƙuri da zai yi a waya.

Don haka kada ki yanke hukunci a kansa yanzu. Ba sai kin buga wasan da shi ranar farko ba, ba sai kin gayyace shi Kirsimeti ba, amma kada ki rantse a kan har abada alhali ciwon bai wuce sati biyu ba. Mamanku ki bar ta, uwa ce, tsoron rabuwarku ne yake magana a bakinta. 'Yan teburinku kuma ki gaya musu da kanki bayan kin dawo. Za su ji zafi, amma sun fi jin zafi in suka gano da kansu.

Kina da sati biyar kafin wasan ya fito, amma bidiyon yana yawo tun sati biyu. Mutumin nan bai cancanci ya fara ganin hannunsa a wayar wani ba, yana tsaye a wurin aiki, ba kowa kusa da shi da zai gaya masa yadda aka yi. Ki ajiye jaridar nan ki sayi tikiti.

Allah ya tsare shi da nasa na nesa, ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya kuma sanyaya miki rai.

Taki,
Gwaggo Noelene