Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Gwaram, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Birnin Kudu? Mu ma alhamdu lillahi, sai haƙuri.

Na ji saƙonki cewa yaron nan ya fara cin abinci, na gode Allah. Amma wannan maganin naku ban gane masa ba. Kin ce ba allura ba ƙwaya, zama kawai yake yi da wata likita a asibiti duk Laraba suna magana. Tun ranar da motarsa ta kife a hanyar Sara, ƙanensa Hadi ya cika a gefensa, yaron nan ya daina magana a gidan nan, ko ƙarar babur ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. An yi rubutu, an yi sauka, an yi nasiha, shiru. Sai ga baƙuwa da ba ta san ranar da na haife shi ba, ita ce bakinsa ya buɗe wa.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Ni ce fa matan unguwa ke kawo wa damuwarsu in an tashi Islamiyya, har sai na kore su su je su ɗora girki. Wai har sunansa take kira gatsal. Ɗan farina, wanda don kunya ban taɓa kama sunansa ba tun ranar suna.

Ki gaishe da kowa.
Yayarki, Fatsuma

Gwaram, ranar Asabar

Ummussalma,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Malam? Allah ya ƙara sauƙi.

Na tambaye ki me suke cewa, kin ce ba ki sani ba, wai likitar ta ce amana ce tsakaninsu. Amana a kan ɗana, ni kuma ina waje kamar mai talla. Sannan kika ƙara mini da cewa ya yi dariya a tsakar gidanki, har ya hau bayan babur zuwa kasuwa. Na yi murna, na kuma kasa cin tuwo. Ke ma ban ƙyale ki ba, ke kika ji dariyar ba ni ba.

Kin ce maganin bai ƙare ba. Ni dai ya ishe ni. Ranar Juma'a zan turo Musbahu direba ya taho mini da shi, ya zauna gaban uwarsa.

Yayarki, Fatsuma

Gwaram, ranar Lahadi

Ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma neman afuwar zafin wasiƙata ta baya.

Ya iso lafiya, a kujerar gaba ma. Bayan la'asar ya zo ya zauna a bakin ƙofata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce akwai maganar da ya daɗe yana koyon faɗa a wurin likitar. Ashe duk watannin nan yana jin ina kuka ina kiran Hadi, shi kuwa in wuce shi ko kallo babu, sai ya ɗauka ban yafe masa ba. Har ya riƙa cewa a ransa da shi ne ya mutu da na fi samun sauƙi.

Ummussalma, ni kunya nake yi kamar yadda Inna ta yi wa Yaya, shi kuwa hukunci yake gani. Na ce masa ƙaddara ce, ban taɓa ɗora masa ba ko da a zuci. Muka yi kuka. Na buɗe baki in kira shi, harshena ya ƙi.

Gobe zai dawo wurinku, kada ya rasa Larabarsa. Ga daddawa da kuka ki kai wa likitar. Har yanzu ina kishinta, amma ta cancanta.

Ki gaishe da Malam da yara. Ki gaishe mini da Abdulbaqi, ki nuna masa wannan layin ya gani da idonsa.

Yayarki, Fatsuma