Kwallin idona ya rufe rijiyar mutane

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, na riga na zagi kaina ya ishe ni.

Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Lafia. Muna auna dalma a cikin ruwa, ɗan mitsitsin da ido ba ya gani. Ba yawanta kawai ake dubawa ba, har nauyin ƙwayoyinta, abin da ake kira aisotof, domin dalmar kowace ƙasa da irin tata, kamar zanen yatsa. Shi ya sa doka ta hana shiga ɗakin da hoda ko kwalli, tunda kwallin gargajiya dutsen dalma ne. Na san wannan sarai. Amma ranar da aka kawo ruwan rijiyar wata ruga ta wajen Adogi, daga gidan suna na taho, ido raɗau da kwalli, ga latti, ga Oga yana ta kira kamar ni kaɗai ya ɗauka aiki. Na ce a raina, ɗan kwalli me zai yi? Tururin sinadarin asid da muke aiki da shi ya sa ni hawaye, na murza ido da safar hannu, na ci gaba da zuba ruwan a kwalabe.

Sakamako ya fito da dalma mai yawa, aka rufe rijiyar. Oga ya tsura wa takarda ido ya ce, “Wannan abu ya ba ni mamaki fa. Dalmar nan ba ta dutsen Adogi ba ce. Daga ina ta zo?” Na ce, “Wallahi Oga ban sani ba.” Har da rantsuwa! Shi kuma maimakon ya sa a sake ɗebo ruwa, sai murna yake wai ya gano sabon abu, zai rubuta a mujalla. Wannan wace irin masifa ce? Mutum ɗaya ba zai ce a maimaita gwaji ba?

Abin da ya karya min zuciya, shekaranjiya wata tsohuwa daga rugar, mai kawo nono bakin ofishinmu, ta kama hannuna ta ce, “’Yata, Allah ya yi miki albarka, kin ceci jikokina daga guba.” Na ce to yanzu ina kuke samun ruwa, Inna? Ta ce rafi, inda shanu ke sha, ƙaramar jikarta ma gudawa take ta yi, amma ai gara gudawa da guba. Ta ƙi karɓar kuɗin nonon.

In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, sunana ya ɓaci, don a wannan sana’a wanda ya gurɓata samfur ya kuma rantse ba a sake yarda da hannunsa. In na yi shiru, yarinyar nan za ta ci gaba da shan ruwan rafi, ga rijiyarsu a rufe wadda wataƙila lafiyarta ƙalau. Jama’a, me zan yi?