Wai Yaya Habu Ne Ya Yi Min Lissafin

Toranke, daren Laraba

Har yanzu raina a ɓace yake. Jiya malamin lissafi ya ba mu aikin gida: ɗigo biyu, (1, 3) da (2, 5), mu nemo ikweshin ɗin miƙaƙƙen layin da ya ratsa su. Bayan tsinkar gyaɗa na zauna na samo y = 2x + 1. Ni kaɗai na ci a ajin.

Malam ya ce, "Rabi, yayanki Habu ne ya yi miki, ko?"

Na ce, "Malam, a canza lambobin in yi a allo."

Ya canza, na yi daidai. Ko sannu bai ce ba, sai "Koma ki zauna."

Yaya Habun da lissafi ya kora daga makaranta ya kama acaɓa, shi zai yi min?