Ka Aiko Mini da Famfon Ɓauna

Rumde, Jimeta.

Zuwa ga ɗana Usaid, a Gombe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Zuhra da yara. Mu nan ba lafiya ba. Maƙwabcina Malam Joel ne ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Ka aiko mini da famfon gas na motata Ɓauna. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda ya juyo da shi.

Ban manta abin da ka yi mini da Sallah ba. Ina masallaci ka sa aka ja ta zuwa garejin Ishmael a Jambutu, ka ajiye mini wata 'yar mota mai laushin kujera, cikinta yana shafar ƙasa. Ka san rashin makulli ba ya hana ni tayar da Ɓauna, shi ya sa ka kwance famfon ka tafi da shi kamar ɓarawon akuya. Wai ta tsufa, wai tana karya wa Dadarka, uwar da ta haife ka, baya. A bayan motar nan aka kai ka makarantar da ta koya maka raina ta.

To, ga abin da ya faru. Dadarka Asta tana gonar shinkafa bayan Namtari tun farkon damina. Wata mai tallan nono ta kawo labari cewa zazzaɓi ya kayar da ita, ba ta iya zama balle ta hau babur. Na ɗauki motar taka na tafi. Ina sauka daga kwalta ta nutse a laka har bakin ƙofa. Shanun huɗa ne suka jawo ta, mutane suna dariya.

Ɓauna ba ta taɓa kwana a wannan hanya ba.

Ni ne mahaifinka,
Bobboyi Direba.

Rumde, Jimeta.

Usaid, ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Direba ya dawo da ƙullin magani da saƙonka cewa in nemi tarakta, kai kana tafe ƙarshen makon gobe. Wace tarakta? Duk suna gonakin manya. Na yi yawon Jimeta neman famfo irin nata, masu kayan gyara sun ce an daina kawowa.

Na taka da ƙafa na je, laka har gwiwa. Na sami Dadarka kwance a bukka, ƙanwarta Gogo Raliya tana ɗiga mata ruwa da cokali. Usaid, ba ta gane ni ba. Ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu. Na so a ɗauko ta a kan ƙyaure, amma rafin da ke kan hanya ya cika, ba mai yarda ya ƙetara da ita a ka. Ɓauna kuwa hancin da take shaƙar iska da shi a sama yake, ruwa har ƙugu ba ya kashe ta.

Na san kujerarta katako ce da buhu. Na san tana hayaƙi, tana ƙara, ruwan sama yana shiga ta rufi. Amma in na sa ƙaramar giya, ƙafa huɗun suka kama ƙasa, ba inda ba ta zuwa.

Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba. Yau ina roƙonka don Allah. In na fito da uwarka, ka sayar da motar ga 'yan gwangwan, ba zan ce uffan ba. Dadarka ba za ta kai ƙarshen makon nan naka ba.

Mahaifinka,
Bobboyi.

Asibiti, Yola.

Ɗana Usaid,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Famfo ya iso. Ishmael ya bar cocinsa ranar Lahadi ya ɗaura shi, muka fitar da iska daga bututun gas, ta yi tari ta tashi, duk Jambutu sai da suka leƙo.

Na shimfiɗa katifa a baya. A rafi ruwa ya shigo har ƙafafuna, Gogo Raliya tana salati, Ɓauna ko gezau. Amma duk ramin da muka faɗa sai Dadarka ta yi nishi, ni kuwa ba halin in tsaya. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba.

Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. An sa mata ƙarin ruwa. Yau da hantsi ta buɗe ido ta kira sunana daidai. Na matso ina jiran godiya. Sai ta ce in yi mata alkawari, ko gawarta ce kada a sake sa ta a Ɓauna.

Na yi mata. In an sallame ta, a motarka zan kai ta gida, Ishmael yana wanke lakar.

Maganar sayarwa kuwa, Joel ne ya rubuta, ni ban dangwala hannu ba. Na kwance famfon da kaina, yana ƙarƙashin gadona. Ka zo ka duba uwarka.

Ni ne mahaifinka,
Bobboyi Direba.